Sikeli Bai San Tsayinka Ba

A bakin tashar motar da nake bi in tafi aiki akwai wani yaro da ba zai wuce shekara 12 ba, kullum yana yawo da sikeli a hammata. In ya samu inuwa sai ya dire shi ƙasa, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya fara kira: "A gwada nauyi! A gwada nauyi!" Mutum ya tuɓe takalmi ya hau, allura ta yi rawa ta tsaya, yaron ya duƙa ya karanta, a miƙa masa 'yan canji. Na sha tsayawa ina kallo. Wanda aka ce masa ya kai kilo 85 sai ya sauko yana murmushi, abokansa na cewa, "Kai, Alhaji, hutu ya karɓe ka." Wanda aka ce masa 55 kuwa sai ya ɓata rai, ya ce sikelin ne ya lalace. Duk tsawon lokacin nan ban taɓa ganin wanda ya tambayi tsayin mai hawa ba.

Abin da ke damuna ke nan, domin nauyi shi kaɗai ba ya gaya wa mutum komai. Ɗauki kilo 70. In ka same shi a jikin dogon mutum mai mita 1.85, siriri za ka gani, lafiyayye, har a gida a riƙa ce masa ya ƙara cin tuwo. Wannan kilo 70 ɗin in ya zauna a jikin mai mita 1.50, to ƙiba ce wadda likita zai zaunar da mutum ya yi masa magana a kanta. Lodin da tirela za ta ɗauka ba ta ji ba, in aka ɗora wa a-daidaita-sahu sai tayoyi su kwanta. Saboda haka ra'ayina shi ne, duk baligi ya san abu uku game da jikinsa kamar yadda ya san lambar wayarsa: tsayinsa, nauyinsa, da awon ƙugunsa. Kuma cikin ukun nan, wanda muka fi rainawa, wato ƙugu, shi ya fi faɗin gaskiya.

Lissafin ba shi da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da wani ma'auni da ake kira BMI. Ka auna tsayinka da mita, ka yi tsayin sau tsayin, sannan ka raba nauyinka da abin da ya fito. Mai tsayin mita 1.70 zai ce 1.70 sau 1.70, ya samu 2.89. In nauyinsa kilo 65 ne, sai ya raba 65 da 2.89, ya samu 22.5. Abin da ya gaza 18.5 rama ce. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya fara wuce wuri. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ake lissafa ta cikin matsalolin lafiya.

Ni na fi son a juyo da lissafin ta baya, don ya fi amfani ga mutumin da ke tsaye gaban sikeli. Wannan 2.89 ɗin ka yi shi sau 18.5, ka kuma yi shi sau 24.9, sai iyakokinka biyu su fito. Mai mita 1.70 yana da fili daga kilo 53 da rabi zuwa 72. Mai 1.60, daga 47 zuwa 64. Mai 1.50, daga 42 zuwa 56. Mai 1.80, daga 60 zuwa 81. A lura da faɗin filin nan. Tsakanin iyakar ƙasa da ta sama akwai kusan kilo 18 ga mai matsakaicin tsayi, don haka wa da ƙani masu tsayi ɗaya, ɗaya na da 58 ɗaya na da 70, duk lafiyarsu ƙalau. Duk wanda ya ce maka akwai wata lamba guda ɗaya tak da ya wajaba ka kai, ko dai bai sani ba, ko kuma akwai abin da yake son sayar maka.

Akwai wata tsohuwar dabara da ta fi wannan sauƙi, wadda ake dangantawa da wani likitan Faransa na ƙarni na 19 mai suna Paul Broca: ka ɗauki tsayinka da santimita ka cire 100. Mai santimita 170 ya samu kilo 70, mai 180 ya samu 80. In ka gwada ta da lissafin sama za ka ga tana sauka ne dab da iyakar sama, musamman ga dogaye. Wanda ba ya son dogon lissafi ya riƙe ta a matsayin katangar da bai kamata ya tsallake ba, kada ya ɗauke ta abin da zai yi ta ci sai ya kai.

To amma wannan BMI ɗin ba saukakken abu ba ne, mutane ne suka ƙirƙiro shi, kuma yana da kyau a san asalinsa. Wani ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet ne ya fito da lissafin a shekarun 1830. Shi ba likita ba ne, masanin lissafi ne da taurari, kuma burinsa ya gano siffar matsakaicin Bature. Sai a 1972 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya gwada shi a kan maza fiye da 7,000 daga ƙasashe biyar ya raɗa masa sunan da muka sani yau. Babu mace ko ɗaya a cikin waɗanda ya auna. Iyakokin ma a teburi aka zauna aka shata su. A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka sauko da iyakar yawan nauyi daga wajen 27 zuwa 25, miliyoyin mutane suka kwana da nauyi daidai suka tashi cikin masu yawan nauyi, ba tare da sun ƙara ko giram ɗaya ba. A 2023 kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta fito ta ce kada a dogara da BMI shi kaɗai wajen yanke wa mutum hukunci.

Ba cewa nake a jefar da shi ba. Har gobe shi ne leƙen farko mafi araha, kuma wanda lissafinsa ya kai 35 ko ya faɗi ƙasa da 16 ba ya buƙatar wata muhawara, asibiti ya kamata ya nufa. Sai dai akwai abubuwan da ba ya gani. Ba ya bambanta tsoka da kitse. Je ka kasuwar Dawanau ka dubi 'yan dakon da ke saɓa buhun hatsi suna hawa katako da shi zuwa cikin mota, ko ka dubi 'yan dambe da 'yan kokawar Nijar, da yawansu in ka lissafa za su haura 25, alhali ko kitsen da za ka mintsina babu a cikinsu. Ba ya kuma bambanta nama da ruwa: mai ciwon zuciya ko na ƙoda da ƙafafunsa suka kumbura zai ƙara nauyi a sikeli, kuma ciwo ne ke ƙaruwa. Babban makantarsa kuwa shi ne bai san inda kitsen ya taru ba. A kan wannan na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Yayana ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa a Kantin Kwari. Tun yana saurayi siriri ne, kuma har yau in ka dubi hannayensa da ƙafafunsa sirara ne. Abin da ya ƙaru kawai shi ne ciki. Mutum ne da zai hau mota daga ƙofar gida, ya sauka a bakin kasuwa, ya zauna kan tabarma daga hantsi har la'asar sakaliya. Da safe shayi mai kauri da burodi, da rana shinkafa da lemon kwalba mai sanyi, in baƙo ya zo a ƙara wani lemon, da daddare tuwo, wani lokaci a biyo da tsire. Tsayinsa mita 1.72, nauyinsa kilo 73. In ka lissafa za ka samu 24.7, wato yana cikin masu nauyi daidai. Babbar riga kuma ta rufa masa asiri, ba mai ganin komai.

Sai ya fara yawan fitsari da dare, ga ƙishirwa kamar wanda ya yi noma a rana, ga kasala. Aka ce zafi ne, aka ce shawara ce, ya sha jiƙe-jiƙe. Da wani ƙurji ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, na matsa masa muka je asibiti. Suga ne, kuma ya daɗe da kama shi. Likitar da ta duba shi, bayan ta gama rubutu, sai ta buɗe durowa ta ɗauko tef irin na tela ta ce ya ɗaga riga. Ta zagaya shi a saitin cibiya: santimita 97. Ta ce masa, "Alhaji, rabin tsayinka 86 ne. Ka wuce da 11." Ya ce, "Likita, ai ni ba mai ƙiba ba ne." Ta ce, "Hannunka ba shi da ƙiba. Cikinka yana da ita."

Da muka fito ya yi shiru a mota, can sai ya ce da ni telansa ya riga likita sani. Shekara da shekaru mutum ɗaya ke masa ɗinki, kuma duk Sallah in ya zo awo sai ya ce, "Alhaji, wando ya ƙaru fa," su yi dariya. Daga baya na raka shi shagon, telan ya jawo tsohon littafinsa na awo, duk ya yi baƙi da man keke, ya buɗe mana shafin Yaya. Ga lambar ƙugu nan an soke an sake rubutawa, an soke an sake rubutawa, daga inci 31 har ta kai 37. Tarihin ciwon nan gaba ɗaya yana rubuce a littafin tela, babu wanda ya san karatu ne na lafiya.

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san kitse iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ke lulluɓe da tumbi da hanji da ƙoda, fari fat, wanda mata ke yanka su soya. Haka jikin ɗan Adam yake. Kitsen cinya da na mazaunai bai cika ɓarna ba. Na cikin ciki shi ne mugun, domin jinin da ke fitowa daga wajen kai tsaye hanta yake nufa, ya cika ta da maiƙo, ya sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi tsoka. Daga nan ƙofar ciwon suga ta buɗe, hawan jini ya biyo baya, sai ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mu kuma a nan wannan tumbin shi muke kira alamar arziki.

Ga dabarar da nake son kowa ya riƙe, ko bai taɓa shiga aji ba. Ka sami igiya ko zare mai kauri. Ka tsaya ba takalmi, a auna ta daga tafin ƙafarka zuwa tsakar kanka, a yanke. Ka ninka ta biyu. Ka zagaya ta a cikinka, tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wajen da yawanci yake ɗan sama da cibiya, bayan ka saki numfashi, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin igiyar biyu sun haɗu, alhamdu lillahi. In sun ƙi haɗuwa, cikinka ya wuce rabin tsayinka, kuma lokaci ya yi da za ka je a duba maka suga da jini. Kada a ruɗu da awon wando, don yawancin maza ƙarƙashin tumbi suke ɗaure shi, awon tela kan gaza na gaskiya.

Wannan ba camfi ba ne. A 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, wadda ake kira NICE, ta sa shi cikin shawarwarinta ga jama'a: awon ƙugu ya kasance ƙasa da rabin tsayi. In ya kai kashi 6 cikin 10 na tsayin, haɗarin ya yi yawa sosai. Hukumar ta kuma faɗi wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ta ce mutanen da asalinsu Afirka ne ko Asiya ko Gabas ta Tsakiya sukan kamu da ciwon suga da dangoginsa tun nauyinsu bai kai na Turawa ba, don haka a gare su a fara lura daga BMI 23, a ɗauki 27.5 a matsayin ƙiba. Ga mai mita 1.70 ke nan, a fara sa ido daga kilo 66 da rabi, tun bai kai 72 ba. Don mazauna can aka yi ƙa'idar, amma jikin da suke magana a kai irin namu ne. Da wannan ma'aunin aka auna Yaya, da tuni an ja masa kunne.

Sai dai na san lissafi ba shi ne babban abin da ke gabanmu ba. Idonmu ne. Mu mutane ne da muka tashi muna ganin ƙiba ita ce lafiya. Amarya in ta yi wata uku ta murje, sai a ce mijin ya iya riƙo. In ba ta ƙara ba, a fara tambayar uwarta ko akwai matsala a gidan. Namiji in ya samu muƙami ya ajiye teɓa, a ce Allah ya buɗa masa. Ban raina wannan tunanin ba, don na san daga inda ya fito. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ga na 2005. A ƙasar da rama take nufin rumbu ya ƙare, dole ƙiba ta zama abin alfahari. Da cutar ƙanjamau ta shigo kuma sai rama ta ƙara zama abin kunya, wanda duk ya zube a fara nuna shi da baki. Shi ya sa ko likita ya ce wa mutum ya rage nauyi, tsoron bakin mutane ya fi masa tsoron suga.

'Yar yayata ce ta nuna mini iyakar inda wannan abu ya kai. Yarinya ce mai shekara 21, tsayinta mita 1.62, nauyinta kilo 54. Lissafinta 20.6, tsakiyar lafiya sosai, ba ta ciwon komai. Da aka sa ranar aurenta sai na lura fuskarta ta fara cika ta yi zagaye kamar faranti, wuyanta ya yi kauri, ga wasu ƙuraje da ba ta da su a da. Mata a gida suna ta yaba wa, wai gyaran jiki ya karɓe ta. Ni dai jikina bai ba ni ba. Na kira ta gefe na ce, "Ke, gaya mini gaskiya, me kike sha?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, kowa cewa yake na cika rama. Har an ce dangin mijin sun tambaya ko ina da wani ciwo." Ta shiga ɗaki ta fito da wata baƙar leda. A ciki akwai kwalbar maganin sa cin abinci, da katin wasu ƙananan ƙwayoyi da aka rubuta Dexamethasone a jikinsa. Irin su ne ake kira sha-ka-fashe. Wata ƙawarta ce ta kai ta wani kemis, aka ba ta ba takardar likita, ba tambaya.

Wannan ƙwaya magani ce mai ƙarfi, tana ceton rai in likita ya ba da ita a inda ya dace. Amma abin da take yi wa mai shan ta don ƙiba ba ƙiba ba ce ta lafiya. Tana tara ruwa da gishiri a jiki, ta kwashe kitse ta kai shi fuska da wuya da ciki, ta cinye tsokar hannu da ta cinya. Tana hau da suga da jini, ta sa ƙashi ya yi rauni, fata ta yi nankarwa, garkuwar jiki ta faɗi har ƙaramin ciwo ya zama babba. Kuma wanda ya yi makonni yana sha ba ya dainawa rana ɗaya, domin jiki ya riga ya daina sarrafa nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya kai mutum ga suma ko abin da ya fi haka. Sai da muka kai ta asibiti aka riƙa rage mata a hankali. Yarinyar da Allah ya yi wa jiki daidai, mu da bakinmu muka tura ta ta sayi ciwo da kuɗinta. Da akwai wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata cewa mai tsayinta daga kilo 49 har 65 duk lafiya ne, da ta samu abin da za ta kare kanta da shi.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja: a wannan zamani da mudun shinkafa ya gagari talaka, wa ke da lokacin zancen ƙiba? Ai yunwa ce ke kashe mu. Gaskiya ne, kuma ma'aunin da nake magana a kai baki biyu gare shi, yana kama rama kamar yadda yake kama ƙiba. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa cikin mata masu shekara 15 zuwa 49, kashi 12 cikin 100 ramammu ne, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce ƙima. A wannan binciken dai aka ga kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma abin ya fi muni a arewa maso yamma. Ciwon biyu muke ɗauke da su lokaci guda, wani lokaci ma a gida ɗaya: uwa mai teɓa da hawan jini, goyonta kuma da tamowa. Ƙibar yau ba ta masu kuɗi ba ce kaɗai. Abin da ya fi araha shi ne gari da taliya da suga da mai, su cika ciki su tara kitse, nama da ƙwai da wake da ganye kuwa sun yi tsada. A duniya ma haka abin yake, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 yana fama da ƙiba.

Ta ɓangaren rama, abin tsoro shi ne wadda ta zo ba a neme ta ba. Mutumin da bai rage ci ba, bai ƙara aiki ba, amma wando na zame masa, ya zubar da kamar kilo 3 ko 4 cikin 'yan watanni, wannan ya je a bincika. Tarin fuka na yin haka, suga na yin haka, ciwon daji ma haka. Siririn da tun tasowarsa haka yake, yana cin abincinsa yana aikinsa, kamar yawancin Fulanin da ke bin shanu, a ƙyale shi ya sha iska.

Lissafin nan na manya ne. Mai juna biyu ba ta shiga ciki, awon asibiti shi ne nata. Tsoho kuma 'yar ƙarin tsoka da nauyi ta fi masa alheri a kan rama. Yara nasu ma'aunin daban ne, shi ne katin da ake ba uwa a wajen rigakafi, wanda aka gina bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 bayan ta bibiyi girman yara a ƙasashe shida, ciki har da Ghana. Akwai kuma ɗan tef mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. A Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata, da yawansu ba su yi boko ba, yadda za su auna 'ya'yansu da kansu a gida, kuma aka ga sun iya, har dabarar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. In uwa a ƙauye ta iya gane tamowa da ɗan tef, ban ga abin da zai hana magidanci a birni gane tumbinsa da igiya ba.

Abin da nake nema a wajen hukuma ba mai tsada ba ne. A yawancin ƙananan asibitocinmu za a ɗora ka a sikeli a rubuta lamba, amma da wuya a auna tsayin babba, balle ƙugunsa. Tef ɗin da za a manna a bango da wanda za a ajiye a durowa ba su kai kuɗin katin waya ba. A mai da shi ƙa'ida: duk baligin da aka gwada wa jini, a auna tsayinsa da cikinsa, a gaya masa da Hausa abin da lambar ke nufi, a rubuta masa iyakokinsa biyu a bayan kati ya tafi da su gida. Masu sa ido kan magunguna su shiga kemis-kemis da kasuwannin magani da shafukan masu tallan kayan gyaran jiki a Facebook da TikTok, domin ƙwayar da aka ba 'yar yayata ba a ɓoye ake sayar da ita ba. Gidajen rediyo da ke karɓar tallan maganin ƙiba su ji tsoron Allah. Malamai kuma suna da abin faɗa a mumbari, tunda hadisin da Tirmizi ya ruwaito sananne ne, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri kamar cikinsa ba, in kuwa ba makawa to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Muna jin sa a wa'azin azumi, mu sha ruwa da abin da ya fi ƙarfin mutum uku. Teloli ma ina ganin da za a koya musu wannan lissafin na rabin tsayi, da sun yi aikin da ma'aikatan lafiya ba za su iya kaiwa ba, don babu magidancin da ba ya tsayawa gaban tef ɗinsu ko da sau ɗaya a shekara.

Yaya yanzu shekararsa biyu yana shan magani. Ya bar lemon kwalba, shayinsa ba suga, ya rage malmalar tuwo ya ƙara miya da ganye, kuma yakan sauka daga mota tun kafin kasuwa ya ƙarasa da ƙafa. Kilo 6 kacal ya sauke, amma cikinsa ya dawo santimita 88, sukarinsa ya lafa. Wahalar da ya fi sha ba ta abinci ba ce. Ranar da muka je gaida Hajiya, mahaifiyarmu, ta dube shi sama da ƙasa, idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Wai kai me ke damunka ne kake ta lalacewa haka? Ko kasuwar ce?" Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya, likita ce ta ce in rage." Ta ce ita ba ta taɓa jin likitan da ke hana mutum ƙiba ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro igiyarsa, don yanzu da ita yake yawo, ya miƙe tsaye a tsakar ɗakin ya ninka ta biyu ya zagaya a cikinsa, ya nuna mata ɗan abin da ya rage bakin biyu su haɗu, bai fi faɗin yatsa ba. Hajiya ta karɓi igiyar ta jujjuya ta a hannu. Can ta ce a kira mata ƙanwarmu daga kicin, a nemo wata igiyar, ita ma a auna ta.